Kirtani ko rubutu? Mu tsayar da sunan string da integer

'Yan uwa masu koyar da Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) da Hausa, ina roƙon mu tsayar da magana ɗaya a kan waɗannan kalmomi biyu, domin ɗalibanmu suna shan wahala a kan matsalar da suna mai kyau zai rage.

Ɗalibi ya rubuta shekaru = input(), ya danna 25, sannan ya ce shekaru + 1. Nan take Python ta tsaya, ta ce TypeError, wato an haɗa abubuwa biyu da nau'insu ya saɓa. Shi kuwa da idonsa ya ga 25, to ina laifinsa? Abin da bai sani ba shi ne input() rubutu take dawowa da shi kullum, ko da alƙaluma aka danna. Wannan rubutun shi ne string. Sai ya ce int(shekaru) + 1, wato int() ta juya rubutun zuwa integer, adadin da ake lissafi da shi, kafin ya sami 26.

Wasu suna kiran string "kirtani". Ban goyi baya ba, don kirtani na ɗaure buhu ne, ba ya nuna wa yaro komai. Mu ce "rubutu" kawai, in ana son ƙarin bayani a ce "jerin haruffa".

Integer kuwa na fi son "cikakken adadi" a kan "lamba". Dalilina: lambar waya ma lamba ce, amma ba a tara ta, ba a debe ta. Ka ba int() rubutun "0803", 803 za ta ba ka, sifilin farko ya tafi. Yaron da aka koya wa cewa integer lamba ce zai adana lambobin wayar mutane a haka, su lalace. Wanda aka koya wa "adadi" zai fara tambayar kansa: wannan abin lissafi ne?

TypeError sai mu ce "saɓanin nau'i". Kada a haɗa shi da ValueError, wanda ke fitowa in ka ce int("25.5") ko int("1,000"). A nan rubutu ka bayar, int() kuma tana karɓar rubutu, abin da ke ciki ne bai juyu ba. Wannan "kuskuren ƙima" ne, maganinsa a cire waƙafin da replace(), ko a bi ta float(), mai karɓar adadi mai ɗigo irin 25.5, ko a tare kuskuren da try da except don kada shirin ya tsaya.

A kan saɓanin nau'i, JavaScript, wani yaren rubuta manhaja, ta fi ban tsoro, tana mayar da "5" + 3 ya zama "53" ba tare da ta ce uffan ba.

Kalmar "nau'i" ce kaɗai nake jiran ra'ayinku a kanta. Mai ganin "iri" ta fi zama a baki, ya kawo hujjarsa.