Wa ya taɓa sarrafa dimar wutar gida da Arduino?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da dima (makunnin rage hasken wuta) irin ta bango mai murɗawa, so nake Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa kod, ya riƙa rage min hasken ƙwan lantarki da kansa. Na yi tunanin in cire abin murɗawar in sa dijital pot X9C103 a wajen, wato cip mai yin aikin abin murɗawa amma da umarnin Arduino, don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min yadda ta kaya.

Ɗan Soda: Wa alaikumus salam. Kar ka fara ɗan uwa, ni na yi, ko daƙiƙa bai yi ba ya ƙone har ya tafi da Arduino ɗin. Shi abin murɗawar nan wutar gida ce ke bi ta kansa kai tsaye, X9C kuwa volt 5 ne iyakarsa. Allah ne ya kiyaye ban jona USB da kwamfuta ba lokacin.

Mai Triyak: Gaskiya ya faɗa. Ni ajiye dimar na yi na haɗa tawa, BT136 (triyak, wato makunnin lantarki mai sakin wuta ga ƙwai) da MOC3021 (mai kunna triyak ɗin ba tare da wutar gida ta taɓa Arduino ba) sai H11AA1 mai gaya wa Arduino lokacin da wuta ta ratsa sifili, shi na kai fin 2 saboda intarop, wato siginar da ke sa Arduino ya amsa nan take. In wutarku 50Hz ce sau 100 take ratsa sifili a daƙiƙa, wato milisakan 10 gare ka kowane rabin zagaye, ka kunna triyak da wuri haske ya yi yawa, ka jinkirta ya dusashe, shi kenan dabarar. Amma inda na sha wuya, MOC3041 na fara sawa, kwana uku ina zargin kod ina gogewa ina sakewa ƙwai ko dai ya kama gaba ɗaya ko ya mutu, ashe shi 3041 yana da nasa mai jiran sifili a ciki, ba ya yarda ya kunna a tsakiya. Ina sa 3021 komai ya daidaita. Kuma kar jinkirinka ya kai 10 cif, ka bar ɗan tazara, in ba haka ba zai tsallaka rabin zagaye na gaba ka ga ƙwai na walƙiya.

Injiniya: Ni ƙwan LED ne ya ba ni ciwon kai, sai ƙifta ido yake yana ƙara zizizi, ashe ba mai karɓar dima ba ne. Ka fara gwaji da tsohon ƙwai mai filamen. Sannan ƙarfen bayan BT136 da wuta a jikinsa, ya taɓa fizgata ta hitsink, ƙarfen da ke sanyaya shi, tun ranar ban ƙara taɓa allo ba sai na zare filogi.

Hajiya Robot: Ni kam ƙaramin injin juyawa, wato sabo (servo) SG90, na ɗaura a kan abin murɗawar, ban buɗe dimar ba sam. Digiri wajen 180 kawai yake juyawa, bai kai ƙarshe ba amma ya ishe ni.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, na fasa X9C. Hajiya da me kika riƙe sabon a jikin bango?