Yunwa dai yunwa ce? Neman Hausar "famine"

Jama'a, a taimaka. Ina shirya bayanin da za a karanta wa manoma a rediyo kan ɗumamar yanayi, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: famine. Na rubuta "yunwa", na goge. Yaron da ya dawo daga makaranta da azahar ma yunwa yake ji.

Abin da masana ke nufi ya fi haka nauyi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa ayyana shi sai gida 1 cikin 5 ya rasa abinci ƙwarai, yara 30 cikin 100 sun kamu da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Haka aka ayyana a Somaliya a 2011, inda kusan mutum 260,000 suka rasu.

Wani malami daga Samaru ya ce a sa "fari". Malam, a gafarce ni, fari sanadi ne. Yunwar da aka ayyana a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Sudan a 2024 yaƙi ne ya kawo ta. Kuma ko da ruwa na sauka, zafi kaɗai yana iya cin amfani: masara in ta sha zafin da ya haura digiri 35 tana cikin fure, sai ka ɓare zangarniya ka tarar da giɓi kamar bakin tsoho. Shekarar 2024 kuwa ta fi duk na baya zafi tun da aka fara aunawa.

"Ƙarancin abinci" ya yi sanyi da yawa. Wannan ai kowace damina muna ganinsa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiya ta hau a kasuwar Sabon Gari.

Da daddare na tambayi kakata a Ƙofar Doka. Tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Mu da suna muke kiranta." Gaskiyarta. Ta 1914 Kakalaba ce, ta 1927 'Yar Buhu. Ta ce a farin 1973 ta ga baƙi daga arewa da 'yan ƙulle-ƙullensu, dabbobi duk sun ƙare a hanya. Ita "babbar yunwa" ta sani, kuma kalmar tana da daɗin faɗa.

Amma wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ta kawo "annobar yunwa". An yi mata caa, wai annoba ta cuta ce. Ni kuwa nan ta burge ni, domin a irin wannan hali cututtuka irin su ƙyanda da gudawa ke ɗauke yawancin yaran da ake rasawa bayan jiki ya rame.

Na sa "annobar yunwa" a rubutun, "babbar yunwa" kuma na bar ta a bakin tsohuwar da ke ba da labari cikin shirin. Sai ranar Alhamis za a naɗa, mai wadda ta fi har yanzu bai makara ba.