Wai da wa 'yan kwana-kwana suke magana a oba-oba?

Dan Fagge:
Salam jama'a. Shekaranjiya wuta ta kama shagon wani tela a layinmu, muna ta kamfatar ruwa a bokiti wani yaro ya kira 112, can sai ga motar kashe gobara. Abin da ya tsaya min a rai, na gaban motar bai taɓa wayarsa ba, oba-oba ce a hannunsa yana ta magana. Da wa yake magana? Me ya hana su kira da waya kawai?

Baƙon Amurka:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bari in faɗa maka yadda yake a nan. In ka kira 911 ba tashar kwana-kwana kake samu ba, wata cibiya ce daban, mai ɗaukar kiran zai fara tambayarka adireshi kafin komai, yana bugawa a kwamfuta ita kuma tana nuna masa tashar da ta fi kusa da motar da ba ta kan aiki, sai ƙararrawa ta tashi a tashar tun kana kan layi. Oba-obar kuma ba ta da ƙarfin kai wa nesa, eriya ce a saman dogon ƙarfe ko tsauni take karɓar muryar ta sake watsa ta faɗin yankin. Amfaninta danna ɗaya kowa ya ji, na cikin hayaƙi da direba da cibiya, ba jiran a ɗaga, ba netwok ya cushe.
Amma sai rediyon kowa na jin na kowa. Ranar 11 ga Satumba 2001 a New York 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kowa da tashar rediyonsa, gargaɗin da jirgi mai saukar ungulu na 'yan sanda ya bayar cewa benen World Trade Center da aka kai wa hari zai rufta bai kai ga da yawan 'yan kwana-kwanan ba, mutum 343 suka rasa. Wallahi har yau abin na taɓa ni. Yana cikin dalilin kafa FirstNet a 2012, layin ma'aikatan ceto zalla.

Maman Khalifa:
Mu nan 112 hukumar sadarwa ta NCC ce ta kafa cibiyoyin, kyauta ne ko ba kati, su ke tura kiran ga kwana-kwana ko 'yan sanda ko Road Safety. Dan Allah in kun kira ku daina cewa "nan bayan masallaci", masallaci nawa ne a Kano? Ku faɗi unguwa da babban titi, sannan a tsayar da mutum a bakin lungu.

Dan Fagge:
Gaskiya ne Hajiya, mu ma sai da suka wuce lungun namu, wani mai babur ne ya bi su ya dawo da su. Na gode.