Ina so in noma alayyahu da yakuwa a cikin ɗaki a Kalgari, ta ina zan fara?

Maman Ihsan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Kalgari ta ƙasar Kanada, gidan haya hawa na uku, ba tsakar gida, barandar kuma daga Nuwamba zuwa Maris duk abin da ka ajiye a kanta ƙanƙara ce za ta kashe shi. Innata ta zo mini wankan jego daga Zariya, kuma abinci yana ba ta wahala ƙwarai. Alayyahun Turawa na leda in ta sa a miya sai ta ce ruwa ne kawai. Yakuwa kuwa ban taɓa ganin ɗanyarta a garin nan ba, sai busasshen zoɓo a shagunan 'yan Afirka. Faten tsaki take so, wanda ya ji yakuwa, ba na jin daɗin ganinta tana tsakurar abinci tana turewa.

Akwai wani ɗan sito kusa da kicin, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, babu taga. Na ji ana noma a cikin ruwa ba tare da ƙasa ba, haidurofonik, shi ne na je shagon da ake sayar da kayan. Ko'ina hoton ganyen wiwi. Mai shagon ya lissafa mini tanti da babbar fitila da fanka mai tace wari, kuɗin ya kusa na hayarmu ta wata. Baban Ihsan ya ce shi ba za a shigo masa da tantin 'yan wiwi gida ba, baƙi su gani su yi mana wata fassara. Don Allah wanda ya sani, dole ne sai da waɗannan kayan? Alayyahu da yakuwa nake so, in da hali har da attarugu.

Kawu na Edmonton:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yata, Allah ya raya, a gaida Hajiya.

Mai shago bai san me kika zo nema ba. Tun 17 ga Oktoba 2018 da Kanada ta halasta wiwi, dokar tarayya ta yarda gida ɗaya ya shuka har guda huɗu, shi ya sa yawancin shagunan nan suka karkata ga waɗannan masu sayen. Matatar wari don warinta aka yi, tanti kuma don tana buƙatar duhu sosai kafin ta yi fure. Ganyen miya ba ruwansa da ko ɗaya, ki kwantar wa maigida da hankali.

Ga yadda nake yi a ɗakin ƙasa na gidana. Ki sami robar ajiyar kaya mai murfi, baƙa, wadda haske ba ya ratsawa, mai cin kamar lita 40. Ki huda murfin wuri shida, ki zura ƙananan kofunan raga. Irin kuma a cikin 'yar audugar dutse ake tsirar da shi, idan saiwa ta leƙo sai ki ɗora a kofin ki kewaye da tsakuwar yumɓu. Ruwan takin ya taɓa gindin kofin a farko. Daga nan ki ƙyale shi. Tsiron yana sha ruwan yana sauka, saiwar sama tana shaƙar iska a sararin da ya buɗe, ta ƙasa tana cikin ruwa. Ba famfo, ba ƙara. Wani malamin Jami'ar Hawai, Bernard Kratky, shi ya fito da tsarin, da sunansa ma ake kiransa. Inda mutane ke kashe shukarsu shi ne su ga ruwa ya yi ƙasa su sake cika robar har baki, saiwar iskan nan ta nutse ta ruɓe. In za ki ƙara, kada ya wuce rabi.

Fitila, farar LED ta wat 100 ta ishi wannan siton. Ki haɗa ta da agogon soket ta riƙa ci awa 16 ta mutu awa 8. Kamar yunit 48 ke nan a wata. Ba sai mai ruwan hodar nan da ke haska unguwa ba.

Taki ni Masterblend nake sa, mai lamba 4-18-38. A lita 19 na ruwa: giram 12 nasa, giram 6 na gishirin Epsom, giram 12 na kalsiyam naitiret. Kowanne ki narkar da shi daban, kalsiyam ɗin ya zo ƙarshe, in kika haɗa su da kauri sai su dunƙule su kwanta a ƙasa. Ga ƙananan tsiro ki fara da rabin wannan. Takin tukunyar fure bai wadatar ba, don an yi shi ne da tunanin ƙasa za ta cike sauran.

Alayyahu cikin sati biyar zuwa shida kin fara tsinka. Ki riƙa yankar kan, yana sake tofo.

Anti Bilki:

Abin da Kawu bai faɗa ba, ruwan Kalgari. Daga kogin Bow da Elbow yake zuwa, ta cikin duwatsu masu farar ƙasa, shi ya sa kike ganin farin abu a gindin butar shayinki. pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa (yawan lambar, ƙarancin tsamin), ya haura 7, shuka a ruwa kuma tsakanin 5.5 da 6.5 take so. In ya wuce haka takin yana nan amma saiwa ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Ki sayi ma'aunin pH na ɗigo da ruwan sauke pH, ki auna bayan kin zuba taki, ba kafin ba. Kada ki dogara da lemon tsami, kwana biyu ya koma inda yake.

Yakuwa kuma albishirinki. Ita sai rana ta gajarta take fure, kamar yadda take yi da kaka a gida. Da haske awa 16 ganye kawai za ta yi ta bayarwa, abin da Hajiya ke so ke nan. Sai dai tana girma, ki ba ta bokitinta daban, ki riƙa datse kanta kada ta kai fitila. Ita da alayyahu duk 'yan zafi ne, siton kada ya sauka ƙasa da digiri 22.

Baban Sadik:

Ni dai ban yarda a sa attarugu a tsarin Kawu ba. Irinsa kaɗai yakan yi sati biyu zuwa huɗu kafin ya tsiro, kuma sai da ɗumi wajen digiri 28. Kafin ki ga jan attarugu wata huɗu ko biyar, watakila Hajiya ta koma Zariya. Shuka mai daɗewa haka gara bokitin lita 19 da ɗan famfon iska irin na akwatin kifi. Sannan babu ƙudan zuma mai kai ƙurar fure a sito, sai kin riƙa girgiza reshen da hannu in ya yi fure. Ki fara da ganye tukuna.

Sitonki ba taga, ki sa 'yar fanka ki bar ƙofa a ɗan buɗe, in ba haka ba bango ya yi fumfuna mai gidan hayar ya ci kuɗin ajiyarku. Soket da waya su kasance sama da ruwa, ki shimfiɗa faranti a ƙarƙashin roba saboda na ƙasanku.

Maman Ihsan:

Allah ya saka da alheri, na karanta wa Baban Ihsan ya ce in dai roba ce da farar fitila ya amince. Attarugu zan jinkirta. Saura iri. Ƙanwata za ta iya aiko mini daga Kasuwar Sabon Gari?

Anti Bilki:

Iri da duk kayan tsiro dole a bayyana su a kan iyaka, kuma ana iya ƙwacewa, musamman wanda aka ƙulla a leda ba suna. Ki nema a nan. Alayyahu 'yan Jamaika suna ce masa kalalu, Indiyawa kuma suna da gongura, wato rama mai tsami da yakuwa, masu sayar da iri a intanet suna da su. Ki duba sunan Hibiscus sabdariffa a jikin fakitin, ita ce yakuwa. Ki jiƙa irin kwana ɗaya kafin ki shuka, ɓawonsa da tauri.