Koren abin da ke cin soket ɗin mashin: mi za mu kira shi?

Malamin kimiyya: Salamu alaikum, ogannin wayarin na Sakkwato. Ina neman kalmar da za ta maye gurbin oksideshan, wato koren nan da ke fitowa a bakin soket da kan waya a tsofaffin mashina irin Jincheng da Boxer na 'yan kabu-kabu, har fitila ta yi dishi-dishi, hon ya shaƙe. Na so in ce tsatsa, sai na ga kamar ta baƙin ƙarfe ce kawai.

Mai wayarin: Malam, mu dai tsatsa muka cewa, amma iri ukku ta. Ja tana kan noti da bodi, inda wayar as, mai mayar da wuta ta jikin mashin, take ɗaure. Tsanwa tana kan jan ƙarfe, cikin soket na rektifaya (mai daidaita wutar cajin batir), na CDI (akwatin da ke ba fulogi wuta) da gidan fiyus. Fara kamar gari tana kan batir, inda ruwan batir ya taɓa dalma. Kowace da maganinta, shi ya sa suna guda ba ya isa.

Mai sayar da kayan mashin: A ce gansakuka mana, tunda kore ce.

Mai wayarin: A'a, Alhaji. Gansakuka tsiro ce, wankewa kawai take so. Wanga kuwa ƙarfen da kansa ne ya haɗu da iska da danshi ya rikiɗe. Yaro ya ji gansakuka sai ya watsa ruwa, ruwan kuwa shi ya kawo ta, musamman na masu wankin mashin da na damina, in ya tarar da ƙurar hunturu ta cika soket.

Bakanike: Gaskiyar Oga. Ga yadda aikin yake, don sunan ya dace da shi. A fara cire wayar negatif ta batir, mai alamar (-). A zare soket ta jikin robarsa, kada a ja waya. Tsanwar: a jiƙa bakin ƙarfen minti 10 cikin ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, sannan ruwa mai tsabta, a bari ya bushe sarai. In sai an sa sanfefa, a sa mai laushi, lamba 600 ko sama. Mai kaushi tana kankare kuzar da aka shafe ƙarfen da ita, tsatsar ta dawo da sauri. In an feɗe waya aka ga silin sun yi baƙi, ta shige ciki, a yanke har inda jan ƙarfe ke ƙyalli, a sa sabon baki. Macen soket kuma a ɗan matse ta da filaya, don sako-sako yana kawo zafi, zafin ne ke narka roba. Farar: a wanke ta da cokali 1 na kanwa a kofin ruwa, amma kada ya shiga cikin batir. A ƙarshe a shafa basilin kaɗan. Ban da baƙin mai, ƙura yake kamawa, yana kuma lalata roba.

Da mitar awon wuta ake tabbatarwa: in mashin a kashe, batir kusan bolt 12.6 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), mashin a kunne 13.5 zuwa 14.5. In wuta na aiki aka ga mahaɗa guda, wato inda waya ta haɗu da soket ko noti, ta cinye fiye da bolt 0.2, da saura.

Malamin kimiyya: Allah ya saka. To na tsayar: babban sunan tsatsar mahaɗa, ƙarƙashinsa jar tsatsa, tsanwar tsatsa, farar tsatsa.

Mai sayar da kayan mashin: Mutanen Kano koriya za su ce.

Mai wayarin: Su ce koriyar tsatsa, ba laihi. A Sakkwato tsanwa muka sani.