Rigimar faifan Graceland: wa ya taimaki wa?

Mai Kaset: Jama'a ku raba ni da ƙanena. Na kunna Graceland, faifan mawaƙin Amurka Paul Simon, a mota, yaron nan ya ce in kashe, wai kiɗan tsofaffi ne. Faifan da ya fito a 1986, ya lashe Grammy na gwarzon faifai a 1987! A shekarun 80 babu na biyunsa, ga taimakon da Paul Simon ya yi wa mawaƙan Afirka ta Kudu.

Ɗan Zongo: Taimako? Yallaɓai, wa ya taimaki wa? Cire jitar Ray Phiri da bes ɗin Bakithi Kumalo, ka ji abin da zai rage.

'Yar Damagaram: Kafin faifan nan mutum nawa suka san Ladysmith Black Mambazo, ƙungiyar mawaƙan Afirka ta Kudu, a Amurka? Paul Simon ne ya shirya musu faifan da ya ci Grammy a 1988. In wannan ba taimako ba ne, mene ne?

Ɗan Zongo: Hajiya, tun shekarun 70 suke tashe a ƙasarsu. Sai Bature ya gan ka sannan ka zama mutum?

Malam Na Baya: Ku bar zancen taimako. A 1985 ya je Johannesburg ɗaukar waƙa, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata.

'Yar Damagaram: Malam, Miriam Makeba da Hugh Masekela, mawaƙan Afirka ta Kudu masu yaƙi da wariya, sun hau dandali tare da shi a Harare a 1987. Ka fi su jin zafin wariya ne?

Ɗan Zongo: Harare? Bob Marley ya riga shi, 1980, bikin 'yancin Zimbabwe.

Mai Kaset: Shi ke nan, 'yan rasta sun iso.

Ɗan Zongo: Wa kake kira rasta? Ka taɓa ganin gashi a kaina?

'Yar Damagaram: Ni ma a daina ce mini Hajiya, ban je ba tukuna.

Mai Kaset: Wai ba wanda zai ce komai kan waƙoƙin?

Shugaban Zaure: An rufe. Abin da aka cimma: mawaƙan Afirka suka yi aikin, Bature ya ɗauki kofin, kuma Bob Marley ya fi shi. Masu cewa taimako ba su kawo hujja ba.

'Yar Damagaram: Shugaba, da wa aka cimma?