Wace kalmar Hausa za mu tsayar wa "dividende"?

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu fassarar labarai da masu kishin harshe a Damagaram da kewaye. Ina neman mu tsayar da kalma guda ga abin da Faransanci ke kira dividende, wato kuɗin da kamfani yake cirewa daga ribarsa ya raba wa masu hannun jari. A gidajen rediyonmu kowa da tasa: wannan ya ce riba, wancan ya ce ruwa, wani ya ce garaɓasa, wani kuma ya bar kalmar a Faransancinta ya wuce. A muhawarar da muke yi a tsakaninmu, wani Malam ya ba da shawarar "ribar hannun jari", wata Hajiya kuma ta kawo "rabo". Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai mutanen Nijar da suke da hannun jari a bankunan BOA Niger da Ecobank ta BRVM, kasuwar hannun jari ta Abijan, kuma hakkinsu ne su san ainihin abin da ake ba su.

Bari mu auna kowace kalma da labarin banki guda, domin kada mu yi ta magana a iska. HSBC an kafa shi a Hong Kong a 1865, ya sayi bankin Midland na Ingila a 1992, hedikwatarsa ta koma Landan, amma har yau mafi yawan ribarsa daga Asiya take fitowa. A 2023 ya samu ribar dalar Amurka biliyan 30.3 kafin haraji, ya raba santi 61 (santi ɗari ne dalar Amurka ɗaya) a kan kowane hannun jari. A 2024 ribar ta kai biliyan 32.3, aka raba santi 87, wanda 21 daga ciki ƙari ne na musamman da ya fito daga sayar da reshensa na Kanada ga bankin RBC. Mai karanta wannan labari a rediyo ya riƙa cewa "dalar Amurka" a cike, domin a kunnen mutumin Zinder dala tamma biyar ce ta sefa.

Kalmar da nake roƙon a fara jingine wa ita ce ruwa. Kuɗin ruwa abu ne da aka yanke tun farko a kan bashi, mai bashi zai karɓa ko an ci riba ko an faɗi. Mai hannun jari kuwa ba bashi ya bayar ba, yana cikin masu dukiyar ne, kuma ba wanda ya yi masa alkawarin ko sisi. Abin da ya faru a 2020 ya isa hujja. Lokacin annobar korona hukumar Babban Bankin Ingila mai sa ido a kan bankuna ta nemi manyan bankuna su dakatar da rabon, HSBC ya soke santi 21 da ya riga ya sanar na ƙarshen 2019, ƙananan masu hannun jari a Hong Kong, da yawansu tsofaffi masu dogaro da kuɗin wajen cefane, suka tayar da jijiyar wuya, amma ba a koma biya ba sai a 2021, da santi 15. Da ruwa ne, soke shi gazawar biyan bashi ce. Garaɓasa ma ba ta dace ba, domin tana nuna kyauta ce ko tsintuwa, alhali mutum dukiyarsa ya zuba ya ɗauki kasadar asara.

Malam, na ga shawararka ta "ribar hannun jari", kuma na yarda ita ce ta fi yawo a kafafen labarai na Hausa. Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a wuri biyu. Na farko, wanda ya sayi hannun jari a jika biyar ya sayar a jika bakwai shi ma ribar hannun jari ya ci, alhali kamfani bai ba shi komai ba, farashi ne kawai ya tashi. Idan kalma ɗaya ta ɗauki abu biyu, ba za mu iya fassara jimlar da ta ambace su tare ba. Na biyu, tana sa mai sauraro ya zaci duk ribar aka raba, kuma ba haka ba ne. HSBC ya sanya wa kansa manufar raba kimanin rabin ribarsa a 2023 da 2024, sauran ya riƙe domin ƙarfafa jari, da cika sharuɗɗan hukuma, da sake sayen hannun jarinsa daga kasuwa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Idan mutum uku a Kasuwar Dole suka haɗa kuɗi suna ɗauko kaya daga Kano, ranar lissafi sukan baje littafi, su ware uwar kuɗi gefe, su cire na mota da na duwan da bashin da bai dawo ba, sannan su dubi ribar su ce kaza a mayar cikin jari, kaza a kasa uku gwargwadon abin da kowa ya zuba. Wannan kashin da kowa ya sa aljihu shi ne abin da muke nema wa suna.

Saboda haka nake ba da shawarar "kason riba". Kaso yana nuna ɓangare ne, yana nuna an kasa shi bisa ƙa'ida, kuma yana nuna sai da riba ake samunsa. Hajiya, ke kin kawo "rabo", kuma kalma ce mai daɗin faɗa, sai dai idan ta tsaya ita kaɗai Bahaushe ƙaddara yake ji, kamar yadda muke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma ba za mu yar da ita ba: aikin kansa mu kira shi "rabon riba", kuɗin da ya shiga hannun mutum mu kira shi "kason riba". Daga nan sauran suna fitowa da sauƙi, wato kason riba na musamman irin na cinikin Kanada, da kason wata uku, da kason ƙarshen shekara.

Akwai kuma maganar ƙarfin kason, wanda masu zuba jari suka fi tambaya. Na fi son mu ce "ɗorewar kason riba" maimakon ƙarfi, domin abin da ake aunawa shi ne ko ribar banki tana ɗaukar nauyin abin da yake rabawa shekara bayan shekara. Ribar HSBC ta ƴan shekarun nan ta samu tallafi sosai daga hauhawar kuɗin ruwa a Amurka da Ingila tun 2022, kuma santi 21 na Kanada ba zai sake zuwa ba, domin reshe sau ɗaya ake sayar da shi. Kalmar ɗorewa tana tilasta wa mai fassara ya tambayi wannan.

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan halascin kason da ya fito daga bankin da ke mu'amala da ruwa. Tambaya ce mai nauyi, amma ta malamai ce, kuma ba za su iya amsa ta daidai ba idan mu masu fassara mun riga mun cakuɗa musu ruwa da riba a cikin suna.

Ga yadda jimlar labari za ta fito: "Bankin HSBC ya sanar da kason riba na santi 87 a kan kowane hannun jari na shekarar 2024, ciki har da kaso na musamman na santi 21." Ina roƙon masu gabatar da labarai su gwada ta a bakinsu kafin mu wuce ga kalma ta gaba, wato sunan da za mu ba kamfani idan ya sake sayen hannun jarinsa.